Ummulkhair da 'Ya'yan Gidan Ɗalha

Daga Gumel zuwa Maigatari, in ka ce Ummulkhair Cindo ba lalle ne a gane wadda kake nufi ba. Amma ka ce Malamar Walwala, ko ɗan acaɓa zai nuna maka ofishinta, ya kuma gaya maka ko tana nan ko ta fita ƙauye. Doguwa ce siririya, da ɗan tsagen Fulani a gefen baki, ba ta da gaggawar magana. Shekara ashirin da uku ke nan tana aikin walwalar jama'a, wurin da ake kai kuka idan yaro ya shiga wani hali: maraya ya rasa mai riƙo, ko an tsinci jariri, ko iyaye sun rabu an rasa inda za a ajiye 'ya'ya.

A wata ruga gabas da Ɗanzomo aka haife ta, ita ce ta shida cikin 'ya'ya tara. Mahaifinta Cindo makiyayi ne mai taɓa noma, da damina gero da wake, da rani bin shanu. Ba a yi niyyar sa ta boko ba. Ƙanin mahaifin nata ne, wanda suke kira Bappa, malamin dabbobi a Gumel, ya zo yi wa shanu allura, ya tarar da ita durƙushe tana kwaikwayon haruffan jikin kwalin magani a ƙasa da tsinke, ba ta ma san me suke nufi ba. Ya ce da yayansa, "Wannan kam ba ni ita." Bayan kwana biyu Cindo ya yarda.

Haka ta tashi a gidan Bappa, riƙo mai kyau, ba a taɓa bambanta ta da 'ya'yan gida ba. Ta gama sakandare, ta auri Malam Abdulbaqi, malamin firamare, ta haifi 'ya'ya biyu. Shi da kansa ya nemo mata gurbin karatun aikin walwala a Kano, ya riƙe yaran shi da mahaifiyarsa har ta kammala. Tana dawowa aka ɗauke ta aiki.

Ofishin ɗaki biyu ne da benci a baranda. Shugabansa a lokacin Mista Isaiah ne, mutumin Filato, wanda ya zo ƙasar Gumel yana saurayi har furfura ta kama shi a nan. Hausa a bakinsa sai ka rantse nan aka yanke masa cibi. Yana da wani tsohon babur da ya san duk wata hanyar yashi a yankin, shi ne motar ofis.

A shekararta ta biyu Mista Isaiah ya tafi hutu gida, ya bar mata ofis. Cikin makon farko wani dagaci daga ƙasar Gagarawa ya aiko da saƙo: akwai wata tsohuwa mai suna Adda, idanunta sun kusa mutuwa, tana riƙe da jikanta Hamza ɗan shekara huɗu, uwa da uba duk sun rasu. Ummulkhair ta hau acaɓa ta tafi. Abin da ta gani ya tayar mata da hankali. Ɗaki ɗaya ne, jinkar ta rufta ta gefe guda, ga damina ta kawo kai. Ƙazuwa ta cinye wa yaron hannuwa. Babu rumbu, babu akuya, babu katifa. Ta fito da takarda ta jera duk abin da babu, layi bayan layi, yadda ta ga ana yi. Da ta bi sawun dangi sai ta samu wani ɗan'uwan mahaifin yaron a Gumel, ɗan kasuwa mai rufin asiri. Ya ce a kawo shi, Allah ya ba da ladan zumunci.

A ganinta ta yi abin kirki. Ai ita ma ɗauko ta aka yi daga ruga, ga ta nan ta zama mutum. Ranar da ta je ɗaukar Hamza, Adda ba ta yi gardama ba. Ta lalubo 'yar rigarsa ta sa masa, ta shafa kansa, ta ce, "Tunda hukuma ce." Yaron bai yi kuka ba.

Bai yi kuka ba, amma kuma bai sake magana ba. A sabon gidan an saya masa takalmi, ana ba shi shinkafa da nama, matar gidan har goya shi take yi. Shi kuwa sai ya je bakin ƙofa ya zauna ya zuba wa hanya ido. Abinci sai an ɗura masa. Ya koma fitsarin kwance. Mako uku ana haka Mista Isaiah ya dawo. Ya sa tabarau ya karanta rahotonta har ƙarshe, ya ajiye.

"Malama, rubutu ya yi kyau," in ji shi. "Na ga abin da babu. To, me akwai?"

"Oga, ai babu komai. Da ka ga gidan da ba ka tambaya ba."

"Shekararsa nawa a hannunta?"

"Uku."

"Mace ba ta gani, ta riƙe yaro shekara uku, bai faɗa rijiya ba, yunwa ba ta kashe shi ba, ki ce min babu komai? Wa ke ɗebo mata ruwa? Me suke ci? Ɗauko mayafinki."

Suka isa ƙauyen da hantsi. Mista Isaiah bai leƙa ɗakin ba ma. Ya cire takalmi ya zauna a ƙasa gaban tsohuwar, ya yi gaisuwa mai tsawo, sannan ya shiga tambaya. A nan Ummulkhair ta ji abin da ba ta rubuta ba. Ashe Adda na saƙa faifai da tabarma da lalube, wani maƙwabci Ɗantala ke kai mata kasuwa. Mata uku na layin sun raba kwanaki, kowacce da ranar da take aiko da tuwo. Yaron shi ke jan sandarta zuwa gidajen suna da gaisuwar mutuwa, ita kuma ta koya masa Fatiha har zuwa Ƙulhuwallahu. Tun ranar da aka tafi da shi ba ta sake taɓa kaba ba.

Da za su tashi tsohuwar ta juyo inda take jin numfashin Ummulkhair ta ce, "Yarinya, kin zo kin duba ɗakina, kin duba tukunyata. Ni ce ba ki duba ba. Da kin tambaye ni, da na ce miki jinka nake so da maganin ƙazuwa."

Washegari suka mayar da Hamza. Tun daga bakin gari ya zame daga kan babur ya ruga yana kiran "Adda! Adda!", kalmarsa ta farko cikin kwana ashirin da huɗu. Dagaci ya kira gayya aka ɗora sabuwar jinka kafin ruwa ya sauka. Aka karɓo man shafawa a asibiti. Ɗan kasuwar Gumel, da aka yi masa bayani, ya ce zai riƙa aiko da hatsi duk kaka, in yaro ya isa makaranta kuma shi zai tsaya masa. A hanyar dawowa Ummulkhair ta yi ta hawaye a bayan babur. Da suka hango gari Mista Isaiah ya ce, "Ke kin samu kin gyara kuskurenki. Nawa na farko ban samu ba."

Tun daga ranar ta sake salon aikinta. In ta shiga gida, takarda na cikin jaka sai ta sha ruwan gidan. Takan fara da tambayar wa ke taimakon wa, wace sana'a aka iya, wa yaro ke ruga wa in ya ji tsoro. Ba ta yanke shawara a ofis, sai ta tara dangi da maƙwabta a tsakar gidan ko a zauren mai unguwa, mai matsalar na zaune a ciki. Wasu sun ce tana da jan ƙafa, abin da za a gama a yini ɗaya sai ta yi mako uku tana sintiri. Ba ta musa ba. Akwai kuma gidajen da ta zauna ta saurara, ta duba gabas da yamma ba ta ga tudun dafawa ba, ta ɗauke yaron a ranar, don duka ko cin zarafi ba abin jira ba ne. Amma ba su da yawa, kuma kowannensu tana iya faɗa maka sunansa.

Mista Isaiah ya yi ritaya ya koma Filato, ofis ya dawo hannunta. Shekara huɗu bayan haka maganar gidan Ɗalha ta taso.

Wata Alhamis ce, ranar kasuwar Maigatari, gari ya cika da tireloli da raƙuma da baƙi daga ƙetare. Wajen azahar aka tsinci wasu 'yan mata biyu, 'yar shekara bakwai da 'yar shekara biyar, suna ratsa tsakanin manyan motoci a bakin kara, inda ake lodin shanu. Saura ƙiris wata mota mai ja da baya ta take ƙaramar. Da aka tambaye su suka ce babansu suke nema, yunwa suke ji. Aka kai su wurin mai unguwa Dalhatu, shi kuma ya bugo wa Ummulkhair.

Ta tarar da zauren ya cika. Labarin da ta ji shi ne: uban yaran, Ɗalha, ɗan rakiyar shanu ne, yakan bi tirela zuwa kudu ya yi kwana goma bai dawo ba. Matarsa Khairiyya, mutuniyar Dungas ce can cikin Nijar, ta haihu wata uku da suka wuce, kuma tun bayan arba'in ta canza. Ba ta barci, tana magana ita kaɗai, tana cewa za a sace mata jariri. Yau kwana uku ke nan ta kulle kanta a ɗaki da shi.

Yayan Ɗalha, Shehu, mai shagon kayan babur, shi ke da bakin magana a zauren. "Malama, abin a fili yake," in ji shi. "Matar nan ta haukace. 'Yan matan su dawo gidana. Jinjirin a ɓalle ƙofa a karɓe shi, a nemi mai shayarwa. Ita kuma a mayar da ita ga iyayenta, in Ɗalha ya dawo ya sawwaƙe mata. Ke dai sa mana hannu a takarda."

Ummulkhair ta ce ta ji. Ta durƙusa gaban yaran, waɗanda wata mata ta zaunar tana ba su shinkafa da wake. Rigunansu sun yi datti, ƙafafu duk ƙura. Amma kansu ta tsaya kallo: sabon kitso ne, ƙananan layuka a miƙe kamar an ja da zare, ko gashi ɗaya bai tashi ba.

"Wa ya yi muku kitso?"

"Inna," in ji babbar. "Jiya. Ta kira mu ɗaki ta yi mana, ta ce kada mu je lakwal da kai a tsefe." Lakwal ita ce makaranta a bakin mutanen Nijar.

"Wa ke ba ku abinci?"

Yarinyar ta nuna matar da ke riƙe da kwanon. Sunanta Jane, ana kiranta Maman Cynthia, mutuniyar Kudancin Kaduna ce mai sayar da abinci a tasha, katanga ɗaya ta raba su da gidan Ɗalha. Ta ce mako biyu ke nan tana miƙa musu kwano ta kan katanga safe da yamma. Yau ne kawai kasuwa ta riƙe ta. "Ban gaya wa kowa ba," in ji ta, "don kada a ce na tona wa maƙwabciyata asiri."

Ummulkhair ta roƙi mai unguwa ya ba ta zuwa magariba, kada kowa ya taɓa ƙofar. Ta shiga gidan ita kaɗai, ta shimfiɗa tabarma a bakin ɗakin, ta yi sallama. Shiru. Ta faɗi sunanta da aikinta, ba ta ɓoye ba. Ta ce 'yan mata suna lafiya, sun ci abinci. Sannan ta ce ta ga kitsonsu, ita ba ta taɓa ganin irinsa a wannan ɓangaren ba, me ake kiransa?

An ɗau lokaci kafin wata murya ta fito ta bayan ƙofa, a dushe. "Na garinmu ne. Innata ta koya min."

Suka yi ta magana ta cikin katako, kan kitso, kan Dungas, kan wahalar wankan jego da zafi. Ummulkhair ba ta ambaci jariri ba ko sau ɗaya. La'asar ta yi, ta tashi ta yi salla a nan tsakar gida ta dawo ta zauna. Can sai Khairiyya ta ce, "Sun ce za su sa shi cikin kamiyon shanu, irin tirelar da ubansa ke bi, su tafi da shi."

"Ni ban zo ɗaukar ɗanki ba," in ji Ummulkhair. "Amma ba zan yi miki ƙarya ba, 'yar'uwa, ba ki da lafiya, kuma ɗakin nan ya yi masa zafi. Buɗe ki riƙe shi a hannunki, ni ko taɓa shi ba zan yi ba."

Ta ji ana jan turmi daga bayan ƙofa. Khairiyya ta fito ta rame, idanu sun faɗa, leɓe ya bushe, kwana uku ba ta sa komai a ciki ba sai ruwa. Jaririn kuwa tsaf yake, an yi masa wanka, an sa masa kwalli, sai dai ƙuraje na zafi a wuya. Ummulkhair ta san hatsarin ba ƙarami ba ne, ba za a bar su su kaɗai ba ko na awa ɗaya. Ta kira Jane, wadda ta ce za ta kwana a gidan har a ga abin da hali zai yi. Ta kira malamar asibiti ta duba uwa da ɗa. Ta bugo wa Ɗalha, yana kan tirela an wuce Lakwaja. Da ya ji, sai ya fashe da kuka, ya ce ya ga alama kafin ya tafi, ya ɗauka gajiyar jego ce. Ya sauka a hanya ya nemi motar dawowa. Ta kuma sa wani ɗan acaɓa mai ƙetara iyaka ya kai saƙo ga mahaifiyar Khairiyya.

Ranar Lahadi da safe aka zauna a zauren mai unguwa: Ɗalha, Shehu da matarsa, Jane, tsohuwar da ta iso daga Dungas, da Khairiyya kanta, goye da ɗanta a kusa da uwarta. Shehu ya so a fitar da Khairiyya. Ummulkhair ta ce maganarta ake yi, ba za a yi a bayan idonta ba.

"Abin da ya lalace kowa ya sani," in ji ta. "Kafin mu shiga nan, ina so kowa ya faɗi abu ɗaya da gidan nan ke yi daidai."

Shehu ya yi tsaki. "Malama, gobara ake yi kina tambayar launin labule."

Jane ce ta fara. Ta ce shekara shida suna maƙwabtaka ba ta taɓa jin Khairiyya ta zagi ɗa ba. Mai unguwa ya ce Ɗalha bai taɓa tafiya bai bar hatsi a gida ba. Matar Shehu, wadda ba ta cika magana gaban mijinta ba, ta ce lokacin da ta yi ɓari Khairiyya ce ta yi mata kwana bakwai tana dafa mata ruwa. Tsohuwar Dungas ta goge ido ta ce, "Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar."

Sannan Ummulkhair ta juya ga Khairiyya. "Ke me kike so?"

"In yi barci," in ji ta. "Kuma kada a raba su."

A kan wannan aka gina shawara. Ummulkhair ta yi musu bayani cewa ciwo ne da ke kama wasu mata bayan haihuwa, yana da magani, ba laifin kowa ba ne. Za a kai Khairiyya asibitin masu irin wannan lalura a Kazaure, mahaifiyarta ta bi ta ta riƙe jaririn kusa da ita. 'Yan matan za su zauna a gidan ubansu, a ɗakinsu. Ɗalha zai roƙi maigidansa ya bar shi a aikin lodi a kara, ya daina bin mota na wata uku. Jane za ta ci gaba da abincin rana. Da aka zo kan wanda zai riƙa kai yara makaranta, Ummulkhair ta dubi Shehu ta ce, "Kai ka fara cewa za ka riƙe su, kuma na san don kishin jininka ka faɗa. Ga rabin riƙon, za ka ɗauka?" Ya ce zai ɗauka, amma a shaida shi bai yarda abin zai yi kyau ba.

Mako biyar Khairiyya ta yi a asibiti ta dawo kamar ba ita ba, tana ci, tana barci, tana dariya. Ummulkhair na zuwa duk Talata. Har ta fara sakin jiki.

Sai a wata na uku, bayan tsohuwa ta koma Dungas, wata mai zuwa barka ta gaya wa Khairiyya cewa ƙwayoyin nan suna lalata nono. Ta daina sha ba ta gaya wa kowa ba. Wata rana da tsakar rana aka gan ta ba takalmi, goye da jariri, ta miƙi hanyar iyaka. 'Yan acaɓa da suka san ta suka tare ta da lallashi suka dawo da ita. Jaririn ya sha rana har sai da aka ƙara masa ruwa.

Shehu ya zo ofis da kansa, ransa a ɓace. "Na faɗa ko ban faɗa ba? Da ɗan nan ya mutu, a wuyan wa?"

"A wuyana," in ji Ummulkhair. "Na bar maganin a hannun mara lafiya ita kaɗai, ban sa kowa a kai ba. Wannan gibin nawa ne. Zo mu toshe shi."

Ya zo da shirin faɗa, sai ya rasa abokin yi. Aka sake zama. Wannan karon ta ɗauko malamin asibiti ya yi wa dangi bayanin maganin da shayarwa da bakinsa. Matar Shehu ta ce ita za ta riƙa zuwa kullum bayan sallar asuba ta ba ta ƙwayar a hannu, ta tsaya har ta haɗiye. Aka kuma yarda, Khairiyya na ji, cewa in abin ya sake faruwa jaririn zai koma hannun matar Shehu har ta warware. Ita da kanta ta ce ta amince.

Bai sake faruwa ba. Matar Shehu ta yi wata goma sha huɗu tana wannan zirga-zirga, har ranar da likita ya ce a fara rage magani. Ɗalha bai koma bin mota ba, ya zama mai kula da lodi. Jaririn ya yi tafiya, ya yi baki. 'Yan matan ba su kwana ko sau ɗaya a wani gida ba. Ranar da Ummulkhair ta je rufe fayil ɗin, Khairiyya ta dafa mata shinkafa da miyar yakuwa, ta rako ta har bakin titi, ta ce, "Allah ya bar zumunci."

Ba a taɓa ba Ummulkhair lambar yabo ba, kuma 'ya'yanta, waɗanda yanzu sun girma, har yau suna yi mata tsiya cewa ta san girman takalmin 'ya'yan mutane fiye da nasu. Malam Abdulbaqi ne ke tare mata. Yakan ce shi ajin mutum sittin yake koyarwa amma bai taɓa dawowa gida da gajiya irin tata ba, kuma in ana maganarta a majalisa ba ya ɓoye jin daɗinsa. Saura mata 'yan shekaru ta ajiye aiki. Gwiwa ta fara damunta, hawa babur sai ta dafa kafaɗar mai tuƙi.

A bara, wata Litinin da safe, ta iso ofis ta tarar da mutum zaune a benci yana jiranta tun kafin a buɗe. Shehu ne. Suka gaisa, ta tambayi mutanen gida, ya ce duk lafiya, yaron har an sa shi makarantar allo ta unguwa. Sannan ya gyara zama.

"Malama, ba tamu ba ce wannan karon. Wani abokina ne a Sule Tankarkar, matarsa ta rasu ta bar masa huɗu, shi kuma ƙafa ɗaya gare shi tun hatsarin da ya yi. Dangi za su zauna jibi su rarraba yaran. Na ce musu su dakata, akwai wadda za a kira tukuna."

"Shi uban me ya ce?"

"Ba wanda ya tambaye shi. Shi ya sa na zo." Ya ɗan yi murmushi. "Tela ne, Malama, ya iya ɗinki sosai. Kuma akwai wata gwaggonsu a bayan gidan da yaran ke so. Na dai fara dubawa."

Ummulkhair ta sa jakarta a kafaɗa, ta mayar da kwaɗon da ta buɗe yanzun nan. Shehu ya tayar da babur, ta dafa kafaɗarsa ta hau, suka ɗauki hanyar Sule Tankarkar.